Kamiyon da na tsinta a gwanjo: na zamanin Sarauniya Biktoriya ne ko roba aka sayar mini?

Maman Ilham (Birmingham):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman masu ido a kan kayan ado na da. Ranar Lahadi na je kasuwar gwanjo da ake ci a wani fili kusa da unguwarmu, irin wadda kowa ke buɗe bayan motarsa ya baza tarkacen gidansa. A cikin wani gwangwanin biskit, tsakanin maɓallai da 'yan kunne wari-wari, na tsinci wani fil na ado da ake maƙalawa a ƙirji, wanda Turawa ke ce wa kamiyo. Fuskar mace ce ta gefe, fara sol, ta taso a kan wani fage mai launin ruwan goro, an kewaye ta da gida mai kama da zinari. Tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. Tsohuwar da ke sayarwa ta ce na kakarta ne, tun zamanin Biktoriya. Fam 15 na biya. Tun da na dawo nake juya shi a hannu, raina na son abin sosai, amma ina so in san gaskiyarsa. Da me aka yi shi, kuma shekarunsa nawa? Ga hotuna uku.

Abban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Hajiya, irin wannan ai ya cika kantuna, roba ce zubi. Ki ɗora allura a wuta ta yi ja, ki ɗan soka a bayansa. In ta shige, magana ta ƙare.

Ɗan Jos Mai Duwatsu:
Hajiya don girman Allah kada ki yi haka. Malam Abban Khalifa, gwajin nan yana yawo a bakin mutane amma ɓarna ce. In abin na gaske ne, zafi zai iya tsaga shi. In kuma tsohuwar roba ce irin seluloyid, wadda aka fara yin kayan ado da ita tun wajajen 1870, to wannan ba narkewa kawai take yi ba, kamawa take da wuta fat ɗaya kamar an zuba mata fetur. Kuma ita kanta tsohuwar robar akwai masu nemanta su biya kuɗi. Me ya sa za a huda abu alhali ido da fata za su iya ba da amsa?

Ga abin da za ki yi. Ki ajiye shi a kan tebur ya huce daga ɗumin hannunki, sannan ki ɗora a kunci ko a leɓe. Dutse sanyi ƙalau yake, kuma yana jimawa bai ɗauki ɗumi ba. Roba nan take za ki ji ta ɗumi-ɗumi, ga rashin nauyi. Sai ki juya bayansa ki gaya mini: a shafe yake kamar faranti, ko ya lotsa kamar cikin cokali? Daga nan ki kunna fitilar waya ki haska ta baya.

Maman Ilham (Birmingham):
Na gode Malam. Bayan a lotse yake, kamar cikin cokali sak, kuma lotsawar ba daidai take ba, gefe ɗaya ya fi zurfi. Da na haska, hasken ya ratso, har ina ganin inuwar fuskar daga baya. Akwai wasu siraran layuka kamar zanen tafin hannu, da wata 'yar tsaga ƙarama daga sama. Sanyinsa tsaka-tsaki ne.

Ɗan Jos Mai Duwatsu:
To alhamdu lillahi, wannan siffar katantanwar teku ce. Ba dutse ba ne, kuma da wuya ya zama roba. Lanƙwasar da kika gani ta jikin katantanwar ce, don ba a mayar da ita shimfiɗaɗɗiya. Masu zuba roba ma sukan kwaikwayi lotsawar, amma tasu takan fito sumul daidai wa daida, babu waɗannan layukan. Layukan su ne yadda dabbar ta riƙa gina gidanta hawa-hawa.

Asalin sana'ar ke nan: a sami abu mai hawa biyu ko uku masu launi daban, a sassaƙe farin saman har siffar ta fito, a bar na ƙasa ya zama fage. Wato farin da ruwan goron jiki ɗaya ne. In kina da gilashin ƙara girma, ki duba inda farin ya haɗu da fagen. In kin ga layin gam ko wani ɗan rami a tsakani, to liƙi ne, an manna fari a kan wani abu, kuma irin wannan arha ne. In kuwa farin ya narke cikin fagen a hankali, kuma kina ganin sawun bakin ƙarfe ƙanana-ƙanana a gefen wuya da cikin gashi, hannun mutum ne ya yi.

Bala Na Napoli:
Salamu alaikum. Wannan zance ya zo gidana. Shekaruna tara a nan Italiya, kuma garin da ya shahara da wannan aiki, Torre del Greco, yana nan kusa da mu a gindin dutsen Besubiyos mai aman wuta. Garin murjani ne da kamiyo tun farkon ƙarni na 19, har yau kuma ana yi. Na taɓa tsayawa a shagon wani dattijo na kalle shi. Ya yanko ɗan gutsuren katantanwa, ya manna shi da wani irin danƙo a kan gajeren sanda don ya samu mariƙi, ya zana fuskar da fensir, sai ya shiga kankarewa da ƙananan kurfuna masu ƙotar itace. Farar ƙura duk ta rufe masa babban yatsa. Abin da ya fi burge ni, yadda yake barin farin ya yi siriri a wajen mayafi har launin ƙasa ya riƙa leƙowa, sai ka rantse yadi ne shara-shara.

Katantanwa iri biyu suka fi amfani da ita. Mai fage ruwan goro ko ruwan lemo, irin ta Hajiya, daga tekun gabashin Afirka take zuwa, wajajen Zanzibar da Mozambik da Madagaska. Mai fage ruwan ƙasa mai duhu, wadda ta fi tsada don farinta ya fi fitowa, daga tekun Karibiyan take. Wani abin mamaki, ita ta Karibiyan ɗin ce sunanta na kimiyya ke ɗauke da sunan Madagaska.

Amma Hajiya ki lura, kasancewarsa katantanwa ta gaske ba ya nuna tsoho ne. Wanda aka sassaƙa jiya ma katantanwa ce.

Maman Ilham (Birmingham):
Ikon Allah. Malam Bala, to ta ina ake gane shekarun?

Anti Rabi:
Bari in sa baki, ƙanwata. Na yi shekaru ina sayen tsofaffin kayan ado a nan Landan ina sayarwa, kuma abin da na fara koya shi ne ka juya fil ka dubi bayansa kafin fuskarsa. A ƙarni na 19 maƙullin ƙugiya ce kawai, ɗan ƙarfe a lanƙwashe kamar harafin C, allurar ta shige ƙarƙashinsa. Allurar kuma takan zarce bakin gidan, har tsininta ya leƙo in ka kalle shi ta gaba, don tufafin lokacin masu kauri ne. Gaɓar da allurar ke juyawa a kai kamar 'yan bututu ne a jere. Wajen ƙarshen ƙarnin aka samu maƙulli mai bututun da ake ja a tura, an fi ganinsa a kayan Faransa da maƙwabtanta. Shi kuwa mai ɗan kewayen da ake murzawa ya kulle allura, wanda muka saba gani yau, na ƙarni na 20 ne.

Na buɗe hotonki na uku na ƙara girmansa. Maƙullinki mai murzawa ne. Ki yi haƙuri, Biktoriya ta hau mulki 1837 ta rasu 1901, wannan maƙulli bai yi zamani da ita ba. A ganina tsohuwar ta faɗa miki abin da ta ji ne a gida.

Baba Maƙeri (Kano):
Assalamu alaikum. Ɗana ne ya nuna mini wannan magana ya ce in duba. Hajiya Rabi, bayaninki daidai ne, amma hukuncin ya yi sauri. Ni shekara fiye da talatin ina gyaran sarƙa da 'yan kunne, kuma babu abin da ake kawo mini kamar maƙulli. Shi ne ke fara mutuwa a jikin kowane kayan ado. Mace ta gaji abu daga uwarta, ƙugiya ta saki, tana tsoron ya faɗi a wajen biki, sai ta kai wa maƙeri ya sa mata na zamani. Yanzu don an canza wa tsohuwar riga maɓalli, sai a ce jiya aka ɗinka ta?

'Yata Maman Ilham, ki dubi gindin maƙullin da kyau. Launinsa ɗaya da na gidan? Akwai tabon dalma, wato wani toka-toka da ya taru a gindinsa? Sannan ki dubi ɗaya ɓangaren, inda allurar ke juyawa.

Maman Ilham (Birmingham):
Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi kamar kana gani. Maƙullin ya fi gidan haske, fari-fari ne, kuma an ɗora shi a kan wani ɗan faifan ƙarfe da toka-toka a kewaye. Ɗaya ɓangaren kuwa 'yan bututu uku ne a jere, launinsu ɗaya da gidan. Allurar ma bakinta kamar an datse shi aka sake fiƙewa.

Anti Rabi:
To na janye, Baba ya fi ni gaskiya. An canza maƙulli, an rage tsawon allura don ta shiga sabon. Amma ina nan a kan abu ɗaya: gaɓar bututu tana nuna tsufan gidan ne, ba ta tabbatar da tsufan sassaƙar ba. Na sha ganin tsohon gida da aka cire fasasshen kamiyo aka sa sabo, na kuma ga tsohon kamiyo a sabon gida. Sai an duba ko ya zauna daram, ko akwai giɓi a gefe, ko an taɓa buɗe bakin gidan aka sake dannewa.

Sai kuma fuskar kanta. Masu sassaƙar ƙarni na 19 gumakan Girka da Rum suke kwaikwaya, don haka hancin dogo ne miƙaƙƙe, daga goshi ya sauko kusan layi ɗaya, haɓa a cike, wuya mai kauri, gashi a naɗe da ganyen inabi ko furanni. Da aka shiga ƙarni na 20 sai hanci ya fara gajarta yana ɗagewa sama, wuya ya zama siriri. Waɗanda aka yi wa 'yan yawon buɗe ido bayan yaƙin duniya na biyu, yarinya ce mai ɗan ƙaramin hanci da gashi ɗaure a ƙeya, duk kamarsu ɗaya. Akwai kuma waɗanda ake sa wa matar 'yar sarƙa ta gaske a wuya da ƙwayar daimon, su ma an fi yin su a ƙarni na 20. Taki dogon hanci gare ta, ga ganyen inabi da 'ya'yansa a ka. Wannan ya tafi da tsohon gida.

Abban Khalifa:
To ni tambayata, in mai sassaƙa na yau ya ga dama ya yi dogon hanci fa? Wa zai hana shi?

Bala Na Napoli:
Babu mai hana shi, kuma suna yi. Shi ya sa ba a tsayawa a kan alama ɗaya. Hanci ya ce tsoho, gaɓa ta ce tsoho, tsagar bushewa ta ce ya jima a duniya, goguwar da ke kan kunci da ganyen ta ce an sha sa shi. In shaidu huɗu suka haɗu, sai a karkata. In ɗaya ya saɓa, kamar maƙullin nan, sai a nemi dalili.

Hajiya ki kuma duba bayan katantanwar a karkace a gaban taga, ko an karce suna. Wasu manyan masu sassaƙa suna sa hannu, kamar Tommaso Saulini da ɗansa Luigi da suka yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 19. Nasu kuɗi ne mai yawa. Amma mafi yawa babu suna, don tsaraba ce. Masu kuɗin Ingila suna zuwa Italiya yawon ganin kufai, su je Rum, su je Pompeii, su sayo kamiyo tsirara su kawo gida maƙerin garinsu ya yi masa gida. Shi ya sa za ki ga sassaƙar Italiya a cikin gidan Ingila.

Maman Ilham (Birmingham):
Babu suna. Gidan ma na duba ko'ina ban ga tambari ba. Wata maƙwabciyata ta ce in kai wa masu sayen gwal su ɗiga masa ruwan gwaji.

Baba Maƙeri (Kano):
A'a 'yata, tsaya. Wannan ruwan asid ne, kuma katantanwa da asid ba sa ga maciji. Bari in ba ki labarin abin da har yau yake ci mini rai. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini irin wannan, ta ce wata Baturiya da mahaifiyarta ta yi wa aiki ce ta bar mata. So take ta san ko gidan zinari ne. Ni kuma lokacin ban san abin ba, na ɗauka dutse ne. Maimakon in goga gefen a dutsen gwaji in ɗiga ruwan a can, sai na ɗiga a jikin gidan kai tsaye. Ɗigon ya gangara ya taɓa kafaɗar hoton. Nan take ya hau kumfa yana tsuwa. Kafin in tsoma shi a ruwa, wurin ya cinye ya yi rami fari. Matar ba ta yi mini faɗa ba, kallon abin kawai ta yi ta naɗe a bakin zaninta. Na so in biya, ta ce ba kuɗi ba ne. Ban manta fuskarta ba.

In za a gwada, a goga bayan gidan a dutse, a yi gwajin a kan dutsen, nesa da katantanwar. Kuma kada ki bari kowa ya kai wuta kusa da shi da sunan gyara. Ina jin shi ya sa wanda ya canza maƙullin ya yi amfani da dalma, don ba ta son zafi mai yawa.

Anti Rabi:
Allah sarki Baba. Ƙanwata, rashin tambari ba ya nuna komai, kayan ado da yawa na wancan zamani ba a buga musu ba. In da akwai, da ya taimaka. A Ingila a 1854 aka halatta zinari mai karat 9 da 12 da 15, sai a 1932 aka soke 12 da 15 aka kawo 14. Don haka duk abin Ingila da kika ga an buga masa 15, kin san tsakanin waɗannan shekaru yake. Tambarin garinku Birmingham anga ce irin ta jirgin ruwa, na Landan kan damisa. In kin ga 800 a kan azurfa, galibi aikin Italiya ne ko Jamus. In kin ga ɗan tauraro da lamba da haruffa biyu na lardi kamar NA na Napoli, na Italiya ne daga 1968 zuwa yau.

Gidan naki ina zargin ba zinari zalla ba ne. Ko dai ruwan zinari ne a kan tagulla, ko kuma haɗin jan ƙarfe da tutiya da ake kira pinchbeck, sunan wani mai gyaran agogo na Landan da ya ƙirƙiro shi a farkon ƙarni na 18. Ki duba inda hannu ya fi gogawa, in wani launi ya leƙo daga ƙasa to ruwa ne.

Hadiza 'Yar Agadas:
Ina ta karatu ina ƙaruwa. Malam Ɗan Jos, na dutsen fa? Kakata tana da wasu jajayen duwatsu na wuya, tana cewa aƙiƙ ne. Irinsu ne ake sassaƙawa?

Ɗan Jos Mai Duwatsu:
Dangi ɗaya ne, Hajiya Hadiza. Kamiyon asali tun zamanin Girka da Rum a kan aƙiƙ mai hawa-hawa ake yin sa. Akwai wani babba na zamanin Sarki Agustus na Rum da ake kira Gemma Augustea, yana gidan tarihi a Biyana, babban birnin Ostiriya. Dutse ya fi katantanwa tauri nesa ba kusa ba: a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs aƙiƙ yana wajen 7, katantanwa wajen 3. Shi ya sa na dutse bayansa a shafe yake, yana da nauyi, yana sheƙi kamar gilashi, kuma shekara ɗari ba ta cin gefen sassaƙarsa.

Kuma akwai alaƙa ta gaske da duwatsun kakarki. Wani gari a Jamus, Idar-Oberstein, ya shahara da yanka aƙiƙ da rina shi. Tun wajajen 1830 suke shigo da ɗanyen dutsen daga Barazil, kuma a ƙarni na 19 sun yi ta yanka duwatsun wuya suna turowa kasuwannin Afirka, har da irin masu tsini da Buzaye ke ratayawa. Kafin su kuma daga Kambay ta Indiya ake kawowa. To garin nan har yau yana fitar da kamiyon aƙiƙ, sai dai da yawa yanzu inji ne ke yi. Ana gane na inji da cewa farin ba ya sheƙi, yana da wani laushi-laushi kamar an barbaɗa gari, babu sawun ƙarfe, kuma za ka ga fuska ɗaya sak a kan guda ɗari. Dutsen na gaske ne, amma ba tsoho ba ne.

Gilashi kuma shi ke ruɗin mutane da dutse, don shi ma sanyi gare shi. A nemi ƙananan kumfa a ciki, da gefuna masu dakushi irin na zubi.

Bala Na Napoli:
Kada a manta da wanda ake ce wa na aman dutse. Launinsa toka ko ruwan ƙasa ko ruwan zaitun, launi ɗaya ne gaba ɗaya, ba ya sheƙi, kuma sassaƙar takan taso sosai. An sayar wa baƙi da shi da sunan aman Besubiyos, ko da yake masana na cewa yawancinsa dutsen farar ƙasa ne mai laushi na yankin. Sai mai fage shuɗi da farin hoto, wanda yumɓu ne gasasshe na kamfanin Wedgwood na Ingila, tun shekarun 1770 suke yin sa.

Malam Nura:
Ni dai abin da ya tsaya mini, surar mutum ce a jiki. Ya halatta mace ta maƙala?

Maman Ilham (Birmingham):
Malam Nura, na gode da tunatarwa, kuma na yi niyyar tambayar malaminmu. Ba don sawa na saya ba, aikin hannun ne ya ja ni.

Bala Na Napoli:
Akwai masu furanni zalla, Malam, ana yin su da yawa a nan.

Maman Ilham (Birmingham):
'Yan uwa na dawo da labari. Yau na je unguwar maƙeran zinari ta nan Birmingham, na sami wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya. Ya sa gilashinsa a ido ya jima yana dubawa. Ya ce katantanwa ce, sassaƙar hannu, kuma bakin gidan ba a taɓa buɗe shi ba, don haka tare suka taho. Gidan ruwan zinari ne a kan tagulla, kamar yadda Anti Rabi ta zata. Maƙullin an canza shi, kamar yadda Baba ya ce. A kiyasinsa rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ne. Ya ce ba na manyan masu sassaƙa ba ne, kuma tsagar ta rage masa kuɗi, amma aikin ganyen mai kyau ne. Ashe tsohuwar gaskiya ta faɗa. Ina so in kai wa Hajiyarmu Kano ta gani in na zo hutun Disamba.

Baba Maƙeri (Kano):
Madalla. Amma Disamba tsakiyar hunturu ne, 'yata, kuma bushewa ce ke tsaga katantanwa. Abin da ya shekara fiye da ɗari a ƙasa mai laima, ga shi da tsaga tun can, in ya sha iskar Kano zai iya ƙarawa. Kafin ki taso ki shafa masa ɗan man jarirai da auduga, gaba da baya, ya kwana, da safe ki goge. Ki naɗe shi a tsumma mai laushi shi kaɗai, kada ki haɗa shi da sarƙoƙi su karce shi. Kuma ki gaya wa Hajiya kada a ajiye shi kusa da kasko, kada turare ko humra su taɓa shi.

Anti Rabi:
Man kaɗan dai Baba, in ya yi yawa yana shiga tsagar ya tara datti ya yi baƙi.

Baba Maƙeri (Kano):
Kaɗan ɗin nake nufi, ɗigo ɗaya a kan auduga. In kin iso ki aiko yaro ya sanar da ni, ina so in ga ganyen inabin nan da idona.